Kaɗin Matan Tibet: Gashin da Ke Fita Kasuwa da Zaren da Ke Zama Gida

Duk wanda ke bin labaran ulu da mayafan yankin tsaunukan Himalaya zai iya rasa inda zai kama. Kafofin yaɗa labaran ƙasar Sin suna nuna matan Tibet zaune da mazari da masaƙa, tare da bayanin cewa tun 2006 gwamnati ta sanya saƙarsu cikin jerin kayan gadon ƙasa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam kuwa suna cewa ana kwashe makiyayan da ke kiwon dabbobin da ake samun gashin a jikinsu, ana mayar da su sababbin unguwanni nesa da makiyaya. Sai kuma a ji jami'an kwastan a Suwizalan ko Indiya sun ƙwace mayafi daga hannun matafiyi domin an saƙa shi da haramtaccen gashi, alhali a kasuwa ga wani mayafin mai suna fashmina ana sayar da shi kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kowane ɗaya daga cikin labaran nan yana da tushe, sai dai ba a kan gashi ɗaya suke magana ba, ba kuma a kan mutane ɗaya ba.

Ruɗanin yana warwarewa idan aka raba abubuwan da ake yawan cakuɗawa: dabbar da aka samu gashin a jikinta, hannun da ya kaɗa shi ya zama zare, da wurin da aka saƙa zaren aka sa masa suna da farashi. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa shekaru aru-aru Tibet tana sayar wa duniya ɗanyen gashi, yayin da zaren da mata ke kaɗawa yake tsayawa a gida ba tare da an sa masa kuɗi ba, kuma daga wannan tsohon rabon aiki halin da sana'ar take ciki a yau ya samo asali.

## Tudun da dabbobinsa

Galibin tudun Tibet ya haura mita 4,000 sama da teku, birnin Lhasa kansa yana kan kimanin mita 3,650. 'Yan Tibet ba a Yankin Tibet Mai Cin Gashin Kansa kaɗai suke ba, wato yankin da Sin ta kafa a 1965, domin akwai su da yawa a lardunan Qinghai, Sichuan, Gansu da Yunnan. Su da kansu gida uku suke kasa ƙasarsu: U-Tsang, Kham da Amdo. Filin arewa da ake kira Changthang ya miƙe har cikin Ladak ta ƙasar Indiya, inda makiyayan Changpa ke rayuwa iri ɗaya da ta 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka.

A irin wannan tsayi noma ba ya yiwuwa sai a kwaruruka, inda ake shuka sha'ir. Auduga ba ta fita, itatuwa ma babu su a yawancin filin. Saboda haka makiyayan da ake kira drokpa suka dogara ga jikin dabba wajen sutura da ɗaki da igiya da buhu. Dabbobin su ne tumaki da awaki da kuma yak, wani nau'in shanu mai dogon gashi wanda fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ke duniya suna ƙasar Sin. A harshen Tibet namijin ne yak, macen kuwa dri ake kiranta.

## Gashi ba iri ɗaya ba ne

Masu wannan ciniki da maikuron suke auna kaurin gashi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yakan kama daga maikuron 50 zuwa 100, kuma duk gashin da ya yi ƙasa da maikuron 20 ba ya sukar fata, wanda shi ne dalilin tsadarsa.

Yak yana da gashi hawa-hawa. Na waje dogo ne mai kaushi, ana kiransa tsipa, da shi ake tanti da igiya. A ƙarƙashinsa akwai wani lallausan gashi da ke tsirowa gab da hunturu, ana kiransa khullu, kaurinsa tsakanin maikuron 16 da 20. Idan sanyi ya ja baya, wajen watan Mayu da Yuni, khullu yakan fara zuba da kansa, sai a taje shi ko a cire shi da hannu, kuma abin da dabba ɗaya ke bayarwa a shekara da wuya ya kai kilo guda. Mafi laushi shi ne na ƙananan dabbobi.

Ulun tumaki, wanda suke kira bal, shi ne ginshiƙin sutura da darduma. Na tumakin Changthang dogo ne, mai ƙarfi da sheƙi da yawan maiƙo. Akuya ma tana da lallausan gashin ciki, shi ne duniya ta sani da sunan kashmiya, kuma mafi siririnsa, mai maikuron 12 zuwa 16, wanda ake samu daga awakin Changthang, shi ne fashm ɗin da ake saƙa fashmina da shi. Sunan kashmiya daga Kashmir ya fito, inda ake saƙar, ko da yake awakin ba a kwarin Kashmir suke ba. A yau ma galibin kashmiyar duniya daga Mongoliya ta Gida da ke ƙasar Sin da kuma ƙasar Mongoliya take fitowa, kason Tibet kaɗan ne.

Na ƙarshe shi ne shatush, gashin wata barewar daji da ake kira chiru. Wannan ba dabbar gida ba ce, kuma batunsa na doka ne, za a zo kansa a gaba.

## Yadda ake kaɗin

Kafin gashi ya hau mazari akwai aikin da ya fi kaɗin kansa cin lokaci. Ana tsince ciyawa da ƙaya da busasshen kashin dabba, ana raba launuka, sannan a zauna a fitar da kaushin gashin waje daga cikin lallausan, tsinke bayan tsinke. Wasu suna wanke ulun, wasu kuma suna barinsa da maiƙonsa domin ya fi biyayya a hannu. Daga nan sai a yayyaga shi da yatsu ko a taje shi har ya buɗe ya yi sakayau, kwatankwacin abin da shiɓa ke yi wa auduga.

Mazarin, wanda ake kira phang, siririn itace ne mai tsinin baki da nauyi wajen gindi. Mai kaɗi takan zauna a kan darduma, ta ajiye ɗan ƙaramin akushi a gefenta ko a cinyarta, ta kafa tsinin mazarin a cikinsa. Hannun hagu yana riƙe da curin gashin, na dama kuma yana murza kan mazarin da babban yatsa da manuni. Yayin da mazarin ke juyawa a cikin akushin, sai ta riƙa ja da hannun hagu baya sannu a hankali, gashin yana zamowa daga curin, murɗin yana hawa cikinsa yana kama shi, har zaren ya kai tsawon hannu. A nan sai ta tsaya, ta ƙara masa murɗi idan ya yi sako-sako, ta naɗe shi a jikin mazarin, ta sake murzawa. Idonta ba lallai ya kasance a kan aikin ba, domin yatsu ne ke jin inda zaren ya yi kauri da inda yake shirin tsinkewa. Bahaushen da ya taɓa ganin tsohuwa da mazari da taskira da alli zai gane wannan zama nan take, kuma dalilin kamannin ɗaya ne: auduga da khullu duk gajeru ne, khullu bai wuce 'yan santimita ba, don haka idan aka bar mazari yana reto a iska nauyinsa zai tsinka zaren kafin murɗi ya kama. Akushin ne ke ɗauke nauyin.

Dogon ulun tumaki da kaushin gashin yak ba su da wannan matsala, shi ya sa ake kaɗa su da mazari mai reto, a tsaye ko a tafe. A nan ne ya kamata a gyara wata fahimta, domin kaɗi a Tibet ba na mata kaɗai ba ne. A wurare da yawa maza ne ke murza kaushin gashi suna bin garke, su ne kuma ke tufkar igiya da majajjawar da suke kira urdo, wadda ake juya dabbobi da ita. Abin da ya fi zama na mata shi ne siririn zaren sutura da kuma saƙa, kuma suna yin sa ne a tsakanin tatsa da kaɗa man shanu da tara busasshen kashin yak na girki, musamman da hunturu lokacin da nono ya ragu.

Zaren da aka kaɗa sau ɗaya yakan so ya warware, don haka ake haɗa biyu a murɗe su ta ɓangaren da ya saɓa wa murɗin farko, sai kowanne ya danne ɗan'uwansa. Zaren tsaye na masaƙa yana son murɗi mai tsauri domin ya jure ja, abawa kuwa ana barinta da laushi domin ta cika ƙyallen ta riƙe ɗumi. Mai kaɗi tun kafin ta murza mazarin ta san abin da zaren zai zama, kuma wannan sanin ne ainihin gwanintar, ba saurin hannu ba. Rinin gargajiya daga saiwoyi da ɓawon 'ya'yan itace ake samunsa, shuɗi kuma daga baban da ake kawowa daga Indiya.

## Aikin zaren a gida

Babban abin da zaren ke zama shi ne baƙin tantin makiyaya. Ana saƙa tsipa a masaƙar da ake ɗaure bakinta ɗaya a turke, ɗayan a ƙugun mai saƙar, wadda ke fitar da dogon ƙyalle marar faɗi, sannan a ɗinke ƙyallayen gefe da gefe. Saƙar ba ta da matsi sosai, wanda ke ciki yana iya ganin ɗigo-ɗigon haske ta jikinta, hayaƙi ma yana samun hanya. Idan ruwa ya sauka kuwa gashin yakan kumbura ya toshe kafofin. Ba a yin tanti gaba ɗaya a shekara guda; kowace shekara ana cire ƙyallayen da suka tsufa a sa sababbi, ta yadda tanti ɗaya zai daɗe a hannun iyali muddin ana kaɗi ana saƙa.

A ƙauyukan manoma na tsakiyar Tibet ulun tumaki ne ke zama nambu, ƙyallen da ake ɗinka babbar rigar chuba da shi. Matan aure suna ɗaura pangden, wani ƙyalle mai ratsin launuka da ke sauka daga ƙugu ta gaba, wanda ake haɗawa da sassa uku. Garin Jedeshol a gundumar Gonggar ya yi suna da pangden, kamar yadda Gyantse ta yi suna da khaden, dardumar zama da kwanciya. Saƙar waɗannan biyun ce Sin ta sanya a rukunin farko na jerin kayan gadonta a 2006.

Abin lura shi ne kusan duk wannan aiki ba a biyan kuɗinsa. Zaren yana fita daga hannun uwa ya shiga masaƙar gida, ya koma jikin miji da 'ya'ya ko kan rufin tanti. Abin da ya wuce buƙata akan yi musayarsa da sha'ir ko shayi.

## Tsohon cinikin ɗanyen gashi

Gashin da ke barin Tibet ɗanye yake fita, kuma an daɗe ana faɗa a kansa. Yarjejeniyar Tingmosgang ta 1684 tsakanin Tibet da Ladak ta tanadi cewa fashm ɗin yammacin Tibet ta Ladak zai bi zuwa Kashmir, ba wani wuri ba. A 1841 janar ɗin Dogra, wato masarautar Jammu, Zorawar Singh, ya kai yaƙi yammacin Tibet inda ya rasa ransa, kuma mallakar wannan ciniki na cikin dalilan yaƙin. A Kashmir matan Srinagar da kewaye ne ke kaɗa fashm ɗin a keken kaɗi da suke kira yinder, maza su saƙa, kuma sunan Kashmir ne mayafin ke ɗauka zuwa Turai.

A rabin farko na ƙarni na 20 ulun tumaki ne babban abin da Tibet ke fitarwa. Ayarin alfadarai suna sauko da shi ta kwarin Chumbi da mashigar Jelep La zuwa garin Kalimpong na Indiya, a tantance shi a ɗaure, a tura Kalkata, da yawansa kuma ya ƙare a masana'antun kafet na Amurka. Takunkumin da Amurka ta sa wa kayan Sin a ƙarshen 1950 ya raunana cinikin, yaƙin Sin da Indiya na 1962 kuma ya rufe iyakar.

Wuri ɗaya da kaɗi ya zama aikin albashi mai yawa shi ne Nepal. Bayan ficewar Dalai Lama, jagoran addinin 'yan Tibet, daga ƙasar a 1959 dubban 'yan Tibet sun yi gudun hijira, kuma a 1960 aka buɗe musu cibiyar sana'a a Jawalakhel kusa da Kathmandu da taimakon Suwizalan. Daga nan masana'antar darduma ta bunƙasa har ta zama babbar hanyar samun kuɗin waje ta Nepal a farkon shekarun 1990, Jamus ce kan gaba a saye. Amma da kasuwa ta faɗaɗa sai aka koma haɗa ulun Tibet da na Niyu Zilan, galibin ma'aikatan suka zama 'yan ƙauyukan Nepal, kuma rahotannin sanya yara aiki a 1994 suka kawo wa cinikin koma baya. Ke nan dardumar da aka rubuta wa sunan Tibet tana iya kasancewa salon ƙullin ne kawai na Tibet.

## Haramcin shatush

Chiru ba ta kiwuwa, ba kuma a iya kama ta a taje ta, sai an kashe ta ake samun gashin, kuma mayafi ɗaya yana cin barewa 3 zuwa 5. Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji a duniya, ta haramta cinikinta tsakanin ƙasashe tun 1979, amma an ci gaba da sayar da mayafan a manyan biranen duniya, ana gaya wa masu saye cewa gashin a jikin ƙaya da duwatsu ake tsintarsa. Masanin namun daji George Schaller na cikin waɗanda suka tona gaskiyar lamarin a farkon shekarun 1990, lokacin da aka ƙiyasta barewar ta ragu zuwa kimanin 75,000 ko ƙasa da haka. A Janairun 1994 mafarauta suka kashe Sonam Dargye, wani jami'i ɗan Tibet da ke sintiri a Hoh Xil, wani fili a lardin Qinghai inda barewar ke rayuwa, kuma mutuwarsa ta ƙara matsa wa hukumomi lamba. Jihar Jammu da Kashmir ta haramta sana'ar a 2002. Yawan barewar ya farfaɗo har aka fitar da ita daga rukunin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 2016, UNESCO kuma ta sanya Hoh Xil cikin wuraren gadon duniya a 2017.

Ko a nan tsarin bai sauya ba, domin Tibet ce ke asarar dabbar, kaɗi da saƙa da riba kuma a Kashmir ake yin su. Wasu a Kashmir sun nemi a yarda a kiwata barewar domin masu sana'ar da haramcin ya raba da abincinsu, masu kare namun daji suka ce dabbar da ke dogon ƙaura a kan tudu ba ta zama a garke, gwamnatin Indiya kuma ba ta amince da buƙatar ba. Haramcin ya shafi halastaccen ciniki ma, domin a 2022 masu fitar da fashmina sun koka cewa kwastan na tsare kayansu watanni bisa zargin an ga tsinken gashin chiru a ciki.

## Taƙaddama kan makiyaya

Inda ra'ayoyi suka fi rabuwa shi ne kan makomar makiyayan kansu. Bayan rusa gonakin gama-kai a farkon shekarun 1980 an raba wa iyalai dabbobi, daga baya aka raba musu filin kiwo aka shiga kafa shinge. A 2003 Sin ta fara shirin janye dabbobi domin ciyawa ta farfaɗo, a 2011 ta fara biyan makiyaya diyyar rage kiwo, a 2021 kuma ta ayyana Sanjiangyuan, mafarin kogunan Yangtze da Rawaya da Mekong, a matsayin gandun ƙasa. A 2018 aka fara wani shiri na sauko da kimanin mutum 130,000 daga wurare mafiya tsayi, irin na arewacin Nagchu, zuwa ƙauyukan da aka gina a kudu.

Matsayin gwamnatin Sin shi ne yawan dabbobi ya cinye ciyawa a wuraren da ruwan ɗaruruwan miliyoyin mutane ke tasowa, cewa rayuwa a mita 4,800 tana cutar da lafiya, kuma ba a iya kai makaranta da asibiti ga iyalan da suka warwatsu a faɗin tudu. Ta ce ƙaurar da yardar mutane ake yin ta, ana ba su gida da tallafi, dabbobinsu kuma suna shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa suna karɓar rabo.

Ƙungiyar Human Rights Watch, a rahotanninta na 2013 da 2024, da ƙungiyoyin 'yan Tibet mazauna waje, sun ce yardar ta matsin lamba ce, kuma iyalai da yawa suna komawa dogaro da tallafi ba tare da sana'a ba. Wasu masana kiwo sun ƙara da cewa yawon makiyaya shi ne ya raya ciyawar tun asali, kuma ɗumamar yanayi da shinge da haƙar ma'adinai suna da hannu a lalacewar. A Fabrairun 2023 wasu ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce kimanin yaran Tibet miliyan ɗaya suna makarantun kwana, Sin ta yi watsi da zargin cewa hakan na raba su da al'adarsu. Tantance waɗannan iƙirari yana da wuya, domin 'yan jaridar waje sai da izini na musamman suke shiga yankin.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kansa ba, wato zaɓin makiyayan da kansu. Wani naman gwari da ke tsirowa a jikin tsutsa, mai suna yartsa gunbu, yana kawo wa iyalai da yawa a 'yan makonni kuɗin da ya fi na ulun shekara. Hanyoyin mota da jirgin ƙasan da ya isa Lhasa a 2006 sun cika kasuwanni da rigunan sanyi na roba masu araha. Farin tantin tamfol ba shi da nauyi, yana hawa babur, ba ya kuma buƙatar kaɗin hunturu. Matar da aikinta ke farawa kafin ketowar alfijir tana da hujja idan ta sayi ƙyalle maimakon ta kaɗa, kuma duk bayanin da ya manta da wannan gajiya bai cika ba.

Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, sakamakon a kan kaɗi iri ɗaya ne. Sana'ar tana tsaye ne a kan garken da ke kusa, da buƙatar da ke cikin gida, da yarinyar da ke zaune kusa da uwarta tana kallon yatsunta. Iyalin da ya koma gidan siminti ba ya buƙatar tanti, wanda dabbobinsa ke hannun ƙungiya ba ya taje khullu, yarinyar da ke makarantar kwana kuma ba ta nan da hunturu. Jerin kayan gado yana ba wasu fitattun gwanaye alawus da suna, sai dai sunan da aka rubuta a jerin na saƙa ne, kuma masaƙiya tana iya fitar da pangden mai kyau da zaren da ta sayo na inji.

## Hannu da inji

Injin kaɗi ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan mazarai, kowanne yana juyi dubbai a minti, kuma fitar da kaushin gashi daga lallausa, wanda ke cinye kwanakin mace, injuna ne ke yin sa a wurare irin su Qinghe a lardin Hebei. Babu yadda hannu zai yi gasa da wannan a farashi. Masu goyon bayan inji suna nuna cewa zarensa daidai yake daga farko har ƙarshe, kuma buƙatar masana'antu ce ta sa khullu ya yi daraja, bayan a da ba a cika damuwa da shi ba.

Masu goyon bayan hannu kuwa suna cewa yatsu ba sa karya gashin, maiƙon ulu yana zama a cikinsa ya ƙara wa darduma kwana, kuma rashin daidaiton kaurin zaren yana sa rini ya kama shi hawa-hawa, abin da masu sayen darduma ke biya da tsada. A Kashmir an daɗe ana ƙorafin cewa domin fashm ya jure inji ana haɗa shi da zaren roba, daga baya a narkar da robar da sinadari, abin da ke raunana mayafin. Wannan ne ya sa tambarin asali da aka yi wa fashminar Kashmir rajista a 2008 ya shar'anta kaɗin hannu da saƙar hannu, a 2019 kuma Indiya ta fitar da ma'aunin tantance fashmina.

A cikin yankunan Tibet akwai ƙoƙarin tsayar da ribar kusa da garke. Masana'antar Norlha, wadda aka kafa a 2007 a ƙauyen Ritoma na lardin Gansu, tana ɗaukar makiyayan wurin aiki suna sarrafa khullu zuwa mayafai masu tsada da ake sayarwa a waje. Irin wannan yana nuna cewa ana iya biyan aikin hannu albashi, amma kasuwar kayan alfarma ƙarama ce, wurin da ke ɗaukar mutum ɗari ko fiye ba zai cike gurbin aikin da a da ake yi a kowane tanti ba.

## Abin da zai iya biyo baya

Ga matan makiyaya, abin da ya fi yiwuwa shi ne kaɗi ya ci gaba da janyewa daga aikin kowa ya koma sana'ar 'yan kaɗan masu karɓar kuɗi. Wannan yana da amfaninsa, domin a karon farko aikin yana shiga aljihun mai yin sa, kuma ba ya tilasta mata barin ƙauye. Haɗarinsa shi ne idan ana biya da nauyin zare, siririn zare mai cin lokaci shi ne zai fi cutar mai kaɗi, dillalin da ke sayen ɗanyen khullu a bakin tanti kuma shi ne ke yanke farashi. Kaɗin kaushin gashin tanti ya fi fuskantar ɓacewa, tun da babu mai sayensa a waje.

Ga mai saye a ko'ina, har da kasuwanninmu inda ake kiran mayafai da yawa fashmina, sunan kaɗai ba shaida ba ne. Mafi yawan masu arahar zaren roba ne ko na itace da aka sarrafa, babu gashin akuya a cikinsu. Idan aka zare tsinke ɗaya aka ƙona, gashin dabba yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, roba tana narkewa ta dunƙule, zaren itace kuma yana warin takarda. Zura mayafi ta cikin zobe ba ya tabbatar da komai, domin siririn mayafin roba ma yana wucewa. Kaɗin hannu ana gane shi idan aka ɗaga ƙyallen ga haske aka ga zaren yana kauri yana sirancewa.

Wanda aka yi wa tayin shatush a ɓoye a wata kasuwar waje ya san cewa Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar CITES, kuma a ƙasashe da dama ana ƙwace mayafin a ci tarar mai shi ko da ya ce kyauta aka ba shi. Tambarin fashminar Kashmir kuwa shaida ce a kan aikin matan Kashmir, ba ya faɗin komai game da zaren da aka kaɗa a Nagchu ko Golok a kan tudun Tibet.